Amsa Ga Mai Sauraro: Kazar Da Ta Mutu Ta Bar Ƙwayoyinta Cikin Kwalba

 Takardar da muka ɗauko yau ta fito ne daga garin Katuru, cikin ƙaramar hukumar Shinkafi ta jihar Zamfara. Mai takardar ya roƙi a sakaya sunansa, mun kuwa sakaya. Ya ce shi manomi ne, yana kuma taɓa fataucin kaji, yakan kai kasuwar Shinkafi ran Alhamis, wani zubin har Ƙauran Namoda. Ya ce wani ƙanensa da ke karatu a kwalejin kimiyya da fasaha ta Ƙaura ne ya zo hutu, ya ba su labari wai akwai wata kaza da ta mutu da ciwon daji wajen shekara 40 da suka wuce, amma har gobe masana na kiwon wani abu na jikinta cikin kwalba, suna bincike da shi. Tun daga ran nan zance ya bazu a majalisa, har wasu sun fara cewa ashe kajin gidan gona ciwon daji gare su, kada a ci. To, abu uku yake son ya sani. Shin da gaske ne, ko kuwa shaci-faɗin 'yan boko ne? In da gaske ne, mene ne amfanin abin? Sannan kaza tana iya shafa wa mutum ciwon daji?

To Malam, mun gode da takarda. Bari mu fara da ta ƙarshe, tun da ita ce ta taɓa abincinka. Ciwon da ya kama waccan kaza wani bairas ne na kaji ya jawo shi, kuma duk binciken da aka yi shekara da shekaru ba a tabbatar yana sa wa ɗan Adam ciwon daji ba, ko ta nama ko ta ƙwai. Saboda haka ka gaya wa mutanen majalisa su ci kazarsu, ta gidan gona ko ta Hausa. Amma fa cutar tana nan ƙasarmu, kuma kai mai kaji ya kamata ka santa. Takan bayyana ne ga kazar da ta kai wata huɗu ko fiye, sai ka ga tana ramewa, zankonta ya koɗe ya yanƙwane, ta rage ƙwai. In an yanka sai a iske hanta ta kumbura ƙwarai, da wasu ƙulle-ƙulle farare a jikinta. Irin wannan a binne ta, kamar yadda ya kamata a yi wa duk kazar da ciwo ya ci. Cutar ba ta da magani, ba ta da allurar rigakafi, kuma uwa kan ba ɗan tsako ita tun yana cikin ƙwai. Don haka kada a ƙyanƙyashe ƙwan kazar da ake tuhuma, kuma a kula da inda ake sayo 'yan tsaki.

Sai tambayar farko. Ƙanenka bai yi ƙarya ba, Malam. Sai dai abin da ke cikin kwalbar ba tsokar nama ba ce yadda za ka gani a tire wajen mai tsire. Jikin kowane mai rai, kaza ko akuya ko mutum, an gina shi ne da wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. Su ake kira ƙwayoyin halitta. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita, kuma a jikin baligi ɗaya akwai kamar tiriliyan 30. Kowace ƙwaya tana ci, tana aiki, in lokacinta ya yi ta rabu biyu, in ta tsufa ta mutu. Ciwon daji kuwa shi ne ƙwaya ta yi kunnen ƙashi, ta yi ta rabuwa ba tsayawa, ta ƙi mutuwa. Wannan taurin kai nata, wanda shi ke kashe majinyaci, shi ne kuma ya sa ake iya kiwonta a wajen jiki.

A 1985 wani masani a Amurka mai suna Eric Humphries da abokan aikinsa biyu suka ba da rahoton cewa sun samo irin waɗannan ƙwayoyi daga ƙarin da bairas ɗin nan ya fitar wa wata kaza, sun kuma raine su cikin kwalba. Suka sa musu suna DT40. Ana zuba musu wani ruwa mai sukari da gishiri da sauran kayan gina jiki, a ajiye su cikin akwatin ɗumi mai zafin digiri 39 da rabi, kusa da zafin jikin kaza. Duk bayan awa 8 zuwa 10 kowace ƙwaya sai ta zama biyu. In ka yi lissafi bisa awa 8, ƙwaya ɗaya tak za ta haura miliyan 2 cikin mako guda, wato kiwon da ba kurciya ba zomo da zai kamo ƙafarsa. In an gama aiki a daskarar da su cikin sanyin da ya kai digiri 196 ƙasa da sifiri, su yi shekaru a haka, ran da aka narkar da su su ci gaba da rabuwa kamar jiya aka kwantar da su. Haka aka yi ta rarraba su daga wannan jami'a zuwa waccan, kamar yadda mata ke ba juna irin nono na ɗaura kindirmo.

Amfanin abin fa? A nan sai ka gyara zama, don sai mun ɗan shiga cikin ƙwayar.

A tsakiyar ƙwayar halitta akwai wata igiya siririya wadda masana ke kira DNA, mu kuwa bari mu ce mata igiyar gado. Tufka biyu gare ta, an murɗe su da juna kamar igiyar rama. In da za a warware ta ƙwayar mutum guda ɗaya a miƙe, tsawonta zai kai mita 2, amma an naɗe ta an cusa a wurin da ido ba ya gani. A jikin igiyar nan akwai rubutu, da haruffa iri huɗu kacal, ana ta jera su ana sake jerawa har kusan biliyan 3 a abin da mutum ya gada wajen uwa, da wani kamarsa wajen uba. Rubutun nan shi ne umarnin yadda za a yi jini, da ƙashi, da launin fata, da komai. An kasa shi babi-babi, kowane babi da aikinsa. In kana son ka san nauyin harafi ɗaya, dubi ciwon sikila, wanda ba garin da ba a san shi ba a ƙasar Hausa. Harafi ɗaya ne ya sauya a babin da ke kula da jan jini, yaron da ya gaji wannan sauyi ta wajen uwa da uba duka shi ne ke kwana kuka da ciwon gaɓɓai.

Da can masana sun ɗauka igiyar gado ba ta lalacewa, tun da ga ta tana bin zuriya kaka da kakanni. Wani mutumin Suwidin, Tomas Lindahl, shi ya nuna a shekarun 1970 cewa ba haka ba ne. Ya gano cewa a kowace ƙwaya ɗaya, kullum ta Allah, haruffa wajen 10,000 ke zubewa daga igiyar, ba tare da mutum ya ci wani mugun abu ba, zafin jiki da ruwan da ke cikinsa kawai sun isa. Ka ƙara da hasken rana mai ƙuna, da hayaƙin taba, da gubar da kan shiga abinci. Ka kuma tuna duk sa'ad da ƙwaya za ta rabu biyu sai ta kwafe rubutun nan kaf, mai kwafe kuwa ba ya rasa tuntuɓen alƙalami. In da haka aka bar abin, da ba wanda zai kai shekarun aure.

Abin da ya cece mu shi ne akwai masu gyara a cikin kowace ƙwaya, suna sintiri kan igiyar dare da rana. Tufka biyun nan ita ce sirrin aikinsu. Kowane harafi a wannan tufka yana da abokin zama sananne a waccan, kamar ɗan kasuwa da abokin cinikinsa da kowa ya rubuta bashi a littafinsa. In ruwa ya jiƙa shafin ɗaya, sai a duba na ɗayan a mayar. Wasu masu gyaran harafi ɗaya suke cirewa su sa sabo. Wasu in sun iske wani ƙazamin abu ya manne wa igiya, sai su yanke wajen haruffa 30 gaba ɗaya su sake rubutawa. A 2015 aka ba Lindahl lambar yabo ta Nobel kan wannan fanni, tare da Paul Modrich na Amurka da Aziz Sancar haifaffen Turkiyya.

Sanin akwai masu gyara daban, sanin wane ne ke yin wane aiki daban, don sun fi ɗari. A ce ka hango mutum talatin sun fito gayyar gini, kana can nesa, ba ka iya rarrabe mai kwaɓa ƙasa da mai miƙa tubali da mai ɗorawa. Dabara ita ce ka aika a sallami mutum ɗaya, ka zuba ido ka ga wane aiki ya tsaya. Gobe ka mayar da shi ka sallami wani. Haka masana ke yi, su goge babin da ke ba da umarnin ƙera mai gyara guda ɗaya, su ga me zai sami ƙwayar. Wuyar aikin ita ce kai hannu daidai kan babin da ake nufi. Sukan tura wani guntun igiya na jabu cikin ƙwayar, da fatan ya je ya zauna a mazaunin na ainihi. A ƙwayoyin mutum kuwa guntun nan sai ya faɗa duk inda ya ga dama, sai a yi ɗaruruwa ko dubbai kafin a dace sau ɗaya. Ɗalibi kan ƙare shekara yana neman babi guda.

A 1991, a wata cibiyar bincike da ke birnin Basel na ƙasar Suwizalan, Jean-Marie Buerstedde da wani Bajapane, Shunichi Takeda, suka gwada wannan aiki kan ƙwayoyin kazar nan. Abin mamaki, guntun jabun sai ya riƙa zuwa daidai inda aka aike shi, a wasu gwaje-gwajen ma fiye da rabin lokaci. Daga nan kasuwar DT40 ta buɗe.

Za ka ce me ya sa sai kaza? Kai da ke kiwon kaji ka san cutar Gumboro, mai kama 'yan tsaki daga mako uku zuwa shida, wadda ake ɗiga musu rigakafinta a ruwan sha. Gumboro ɗin sunan wani ƙaramin gari ne a Amurka inda aka fara bayyana cutar a 1962. Abin da take ci a jikin ɗan tsako wata 'yar jaka ce da ke ciki, saman mafitar kashi. A 1956 wani masanin kaji a Amurka, Bruce Glick, ya ba da rahoton cewa kajin da aka cire wa jakar nan suna ƙanana ba sa iya ƙera makaman yaƙi da cuta a jininsu. Ashe jakar makaranta ce, a cikinta ake horar da wani rukuni na dakarun jiki. Shi ya sa garken da Gumboro ta ratsa, ko sun tashi, sai ka ga kowace cuta ta zo ta kwashe su. To a makarantar nan, kowace ƙwaya takan ɗauki babin makaminta ta yi ta yi masa kwaskwarima, tana kwafo 'yan guntaye daga wasu tsofaffin babi-babi da ke ajiye kusa da shi, guda 25 a ɗaya ɓangaren, don makamin kowace ya sha bamban da na 'yar'uwarta. Ƙarin da aka samo DT40 daga gare shi a jakar nan ya fito. Wato ƙwayoyin tun asali gwanaye ne wajen laluben rubutu mai kama da nasu su yi musaya da shi, masana kuma suna ganin wannan hali ne ya sa suke karɓar guntun jabu a mazauninsa. Ba ma yau kaza ta fara yi wa likitoci wannan hidima ba. A 1911 Peyton Rous ya nuna da kaza cewa bairas na iya jawo ciwon daji, aka ƙi kula shi, sai a 1966 aka ba shi Nobel, yana tsoho tukuf.

Kada kuma ka ce ina ruwan kaza da mutum. Da aka karance rubutun gadon kaza a 2004, an iske kamar kashi 60 cikin 100 na babi-babinta suna da takwara a jikinmu, masu gyaran igiya kuwa suna cikin waɗanda suka fi kama da juna.

Ɓarnar da ta fi kowace muni ita ce igiya ta tsinke gaba ɗaya, tufka biyun duka, don a nan ba sauran littafin abokin ciniki da za a duba a wurin. Takeda ya koma jami'ar Kiyoto a Japan, kuma a 1998 ɗakin bincikensa ya fitar da sakamako biyu da har yau ake ambato. Na farko, sun kashe wani mai gyara da ake kira Rad51. Ba su sa wa ƙwayoyin guba ba, ba su haska musu komai ba, amma igiyoyinsu suka yi ta tsintsinkewa har suka mutu. Wato tsinkewar igiya abu ne na yau da kullum a duk lokacin kwafe, gyara ne ke rufa mana asiri. Na biyu, sun nuna hanya biyu ake bi wajen ɗinke igiyar da ta tsinke. Akwai ta gaggawa, a kamo bakin nan da bakin can a ƙulla, ko da wasu haruffa sun salwanta, kamar yadda za ka ƙulla igiyar guga a bakin rijiya shanu na jira. Akwai kuma ta natsuwa, a nemo kwafen igiyar da aka riga aka yi, a shimfiɗa su gefe da gefe a mayar da kowane harafi mazauninsa. Da suka kashe hanya ɗaya, ƙwayoyin sun ɗan jure wa hasken nan mai ratsa jiki irin na hoton asibiti, don ɗaya hanyar na taimakawa. Da suka kashe biyun, haske kaɗan ya gama da su.

Ga inda abin ya iso gadon asibiti. Akwai gidajen da sankarar mama ke bin mata, uwa ta yi, 'ya ta yi, inna ta yi. A 1994 da 1995 aka gano babi biyu da kan zo da naƙasa a irin waɗannan gidaje, kuma dukansu na hanyar natsuwar nan ne, ɗayansu ma aikinsa shi ne ya kai Rad51 bakin inda igiya ta tsinke. Sannan da yawa daga magungunan ciwon daji da ake ɗura wa majinyata, da gashin da ake yi musu da haske, aikinsu shi ne su ɓata igiyar gadon ƙwayar dajin fiye da yadda za ta iya gyarawa. Da yake an tara ƙwayoyin DT40 iri-iri, wannan ba ta da mai gyara kaza, waccan ba ta da wane, sai a jera su a ɗiga musu magani ɗaya, wadda ta fara mutuwa ita ta faɗi irin ɓarnar da maganin ke yi. Haka ake gwada sinadaran masana'antu ma, a ga wanne ke taɓa igiyar gado.

Da irin wannan jeri ne masana a jami'ar Karolina ta Arewa, a Amurka, suka nuna a 2007 cewa sinadarin fomalin, wanda ake sa wa gawa don kada ta ruɓe, ake kuma turara ɗakin ƙyanƙyasa da shi, yana hallaka ƙwayoyin da suka rasa wani rukuni na masu gyara, ko da ɗan kaɗan ne. A 2011 kuma ɗakin binciken Ketan Patel a Kambirij ta Ingila ya nuna da ƙwayoyin kazar nan cewa jiki da kansa yana fitar da irin wannan sinadari, kuma ɗan'uwansa, wanda barasa ke rikiɗewa ta zama in ta shiga jiki, shi ma ɓarnar da yake yi ke nan. Kai mai kaji, in za a turara ɗaki da fomalin, a fita a rufe, kada a tsaya ana shaƙa.

Yanzu dai tauraron DT40 ya ɗan dusashe. Tun daga 2012 da 2013 aka samo wata sabuwar dabara mai suna CRISPR, wadda ke yanka igiyar gado daidai inda aka nuna mata, a ƙwayar mutum ko ta shuka ko ta dabba, saboda haka masana da yawa sun koma aiki da ƙwayoyin mutum kai tsaye. Kuma dama kazar tana da nata aibi. A ƙwaya mai lafiya akwai wani mai gadi da ake kira p53. In ɓarna ta yi yawa shi ke tsayar da ƙwayar ya hana ta rabuwa sai an gyara, in abin ya fi ƙarfin gyara ya sa ta kashe kanta don kada ta zama daji. Ƙwayoyin DT40 mai gadinsu ba ya aiki. Wannan ya sauƙaƙa bincike, don suna jure rashin masu gyaran da ƙwaya mai lafiya ba za ta jure ba, amma ya sa ba duk abin da aka gani a kwalba ne za a ce haka yake a jikin mutum ba.

Wannan mai gadi, Malam, shi zai dawo da mu gida, don akwai abin da ke kai masa hari a cikin rumbunanmu. Mutanen majalisarku suna tsoron kaza, ni kuwa da buhun gyaɗa suka fi sa wa ido.

A 1960 talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a gonakin Ingila, aka rasa dalili. Da aka bi sawu sai aka iske tunkuzar gyaɗa ce da aka sayo daga Barazil aka haɗa musu abinci da ita. Wata funfuna ce, wadda ku a wajenku kuke ce wa hunhuna, mai launin kore-kore da rawaya, ta kama gyaɗar ta zuba mata guba. Gubar ita ake kira afalatoksin. Funfunar tana zaune cikin ƙasa, tana son zafi, tana kama gyaɗa da masara fiye da komai, takan taɓa dawa da barkono ma. In mutum ya ci da yawa a lokaci ɗaya tana kisa nan take, kamar yadda aka gani a Kenya a 2004, inda mutum 125 suka mutu saboda masara. Amma abin da ya fi yawa shi ne ci kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru. Gubar in ta isa hanta sai ta rikiɗe ta manne wa igiyar gado. Masu gyaran nan masu yanke haruffa 30 suna cire ta, amma in kullum ana ƙaro musu aiki, wata rana sai kwafe ya riga gyara, harafi ya sauya ya zauna. A 1991, shekarar da aka gano baiwar DT40, masana suka duba ciwon dajin hanta na mutanen kudancin Afirka da na wani yanki a ƙasar Sin inda gubar ta yi yawa a abinci. Suka iske a kusan rabin majinyatan harafi ɗaya ne ya sauya, a wuri ɗaya, kuma a babin mai gadin nan p53. Ɓarawo ya fara da maigadi ke nan.

Ƙasarku kuwa ƙasar gyaɗa ce tun ba yau ba. Don gyaɗa da auduga aka ja layin dogo har Ƙauran Namoda a 1929. Kuma yanayinku yana cikin wanda funfunar ke so, domin in ruwa ya ɗauke da wuri gyaɗa na cikin ƙasa ba ta gama nuna ba, kwanso kan tsage, gara ta huda, funfuna ta shiga tun kafin a cire. Sauran ɓarnar a wajen shanya da ajiya take. Mun san halin da ake ciki a Shinkafi da Zurmi da kewaye, mutum na cire amfani ido ɗaya na kan daji, ga wanda ya samu ya je gonar ma ke nan, sai a kwaso da ɗanyenta a ɗura a buhu a kai gari. Ba mai ganin laifinku. Amma in an iso gida a zazzage a sake shanyawa, bisa tamfol ko tabarma ko daɓe, kada a zuba a ƙasa tsirara, a kuma kwashe da yamma saboda raɓa. Gyaɗa ta bushe in ka girgiza kwanso ka ji tana kaɗawa, masara kuwa in ka ciza ta fashe ƙaras. Buhu a ɗora shi kan katako, kada ya jingina da bango.

Tsinta ita ce babban aiki, don gubar ba a ko'ina take ba, takan taru ne a 'yan ƙwayoyi kaɗan. Duk wadda ta yanƙwane, ko ta sauya launi, ko ƙwaro ya huda, ko ta yi ɗaci a baki, a fitar da ita. A nan ne kuma muke yin kuskuren da ya fi ba ni tsoro. Mai kyau a kai kasuwa, tsintar a sayar da araha ga masu ƙuli-ƙuli, ko a daka a yi wa yara kunu, ko a watsa wa kaji. Wuta ba ta kashe gubar nan, suya da dahuwa ba sa raba ta da abinci, in an matse mai kuma mafi yawanta a tunkuza take zama. Kajin da aka ba irin wannan ba sa girma, ƙwai ya ragu, rigakafin da ka kashe kuɗi ka yi musu ya ƙi kamawa sosai. Saniya in ta ci, wani abu na gubar kan fito a nononta. Tsintar da funfuna ta kama a binne ta ko a ƙone.

Akwai kuma wani abu da cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta haɗa, sunansa Aflasafe. Ƙwayar dawa ce da aka rina shuɗi aka shafa mata irin funfunar nan amma marar guba. Ana watsa kilo 10 a hekta ɗaya, ga masara mako biyu zuwa uku kafin ta yi bunni, sai marar gubar ta riga mai gubar kama wuri. Ka tambayi malamin gona ko dillalan kayan noma a Gusau ko Ƙaura, su faɗa maka lokacin da ya dace da gyaɗa.

Abu guda ya rage wanda ya shafi gidanka kai tsaye. Gubar nan ta fi yin ɓarna ga wanda ke ɗauke da ciwon hanta nau'in B, haɗarin ciwon daji ga wanda ya haɗa biyun yakan ninka sau da yawa, kuma mutane da dama suna ɗauke da shi ba su sani ba, don yakan yi shekaru bai nuna alama ba. Tun 2004 allurar rigakafinsa tana cikin alluran yara na gwamnati a Nijeriya, kyauta. Ta farko ana son a yi wa jariri ita cikin awa 24 da haihuwa, ko da a gida aka haihu, kada a jira ranar suna. Manya kuma gwajin jini ne ke nunawa, wanda aka iske ba shi da cutar yana iya karɓar allurar shi ma.

Sauran takardun da suka iso mana daga Zurmi da Maraɗi sai mako mai zuwa.